Katun ɗin Gizo na minti biyar: aikin da za ka ba AI da wanda za ka riƙe

Malam, ga abin da na fahimta daga tambayarka. Kana koyarwa a firamare a nan Sakkwato, hannunka na ɗan taɓa zane, kana da laftof da waya, kuma kana son ka mayar da tatsuniyar Gizo da hankaki katun na minti biyar, kai kaɗai, saboda yaran ajinka da 'yan'uwansu. Ka ga irin bidiyon da ake fitarwa da ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke ce wa AI, shi ne kake tambaya ko za ta iya yi maka fim ɗin, kuma wace manhaja ya kamata ka biya.

Kada ka biya komai tukuna. Injin zai rage maka wahala ƙwarai, amma ba ta ƙofar da kake zato ba. Abin da ake ta tallatawa, wai ka rubuta jimla biyu fim ya fito, a nan ne ya fi ba mai labari kunya. Ƙananan ayyukan da ba wanda ke ɗoki a kansu, irin su wanke murya, raba hoto da bayansa, da motsa bakin ɗan wasa, su ne inda yake da amfani na gaske.

Mu fara da lissafin da ke kora mutane wurin inji. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan bar zane ɗaya ya tsaya a madadin hoto biyu, sai abin ya dawo zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti, 3,600 a minti biyar ɗinka. Ko kana gama goma kowane dare bayan ka ajiye jan biro, ka kusa cinye shekara, ba hutun Juma'a ba na salla. To amma wa ya ce sai an zana duka? Tun shekarun 1960 masu katun na talabijin suka gane cewa jiki zai iya tsayawa cak, baki da ido da hannu ɗaya su riƙa motsi, mai kallo bai damu ba muddin labari na tafiya. Ba ma sai mun je Amurka ko Japan neman shaida ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya yi zamansa a Tawa, can gaba da Illela da Kwanni, ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966. Kimanin minti biyar ne, zanen layi kawai, kwaɗi ne 'yan wasan, shugabansu ya tafi ziyarar aiki ana ta yi masa fareti. Ya rasu a 2015, a 2017 kuma gidan adana ayyukan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna finafinansa. Ba kyan fenti ya raya fim ɗin ba. Mutumin ya san abin da yake yi wa dariya, ya kuma san daidai lokacin da kwaɗo zai ɗaga hannu.

Abu biyu nake so ka sani game da injin nan, don duk sauran maganata a kansu ta rataya. Na farko, ba ya tuna abin da ya yi ɗazu. Manhajojin hoto irin su Stable Diffusion da Midjourney, waɗanda suka bazu a 2022, suna farawa ne da ɗige-ɗige marasa siffa, su yi ta gyara su mataki-mataki har wani hoto da ya yi daidai da umarninka ya bayyana. Kowane karo da sababbin ɗige-ɗige ake farawa, saboda haka kowane karo sabon Gizo za ka samu: yanzu da hula, an jima babu, hanci ya ƙaru, riga ta sake launi. Mai neman hoto ɗaya bai da asara. Kai da Gizonka zai fito sau sittin ko fiye, wannan ce babbar damuwarka. Ka ɗauki injin kamar yaron shago mai ƙarfi da hanzari, ba ya gajiya ba ya gunaguni, amma kowace safiya sai ka sake gaya masa sunanka da inda ake ajiye almakashi.

Na biyu, bai san Sakkwato ba. Da hotunan intanet aka koyar da shi. Rumbun hotuna na LAION da Stable Diffusion ya sha daga ciki ya haura hoto biliyan 5, amma abin da ke ciki shi ne abin da duniya ta ɗora ta kuma rubuta bayaninsa, mu kuwa ba mu ɗora da yawa ba. Gwada ka ce ya zana maka hankaka. Baƙin tsuntsu wuluk irin na Turai zai ba ka, alhali kowane yaro a ajinka ya san hankaka farin ƙirji gare shi. Ka ce ɓaure, ya kawo maka itacen lambun Larabawa mai yagaggen ganye, ba namu da 'ya'yansa ke fitowa cunkus a jikin reshe ba. Ka ce sarki da rawani, ya yi masa naɗin Indiya, ba amawali ba kunnuwa. Babbar riga ta koma jallabiya, aikin aska takwas ya zama wasu ƙwale-ƙwale da ba maɗinkin da zai amsa su. Gidan ƙasa kuwa bukka ce zagayayya a dajin Kenya da raƙumin dawa a bayanta: ba zaure, ba zanko, ba indararo, ba rumbu. Duk yadda ka tsawaita umarnin, abin da bai gani ba ba zai ƙaga shi daidai ba. Sai dai ka nuna masa.

Shi kansa Gizon fa? Tatsuniya ba ta taɓa faɗa mana kamanninsa ba. Yana da mata, yana noma, yana shiga fada ya faɗi gaisuwa, in ta ɓaci kuma ya haye bango. Mutum ne ko tautau? Ƙafa biyu ko takwas? Kowace kaka da nata Gizon a kai. In ka bar wa inji wannan hukunci, ko dai ya ba ka tautau mai gashi da zai hana 'yan aji ɗaya barci, ko wani abu mai kama da jaruman katun ɗin Amurka da ya gani ba adadi. Zauna da takarda ka yanke da kanka. Ka zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana ƙarya, an kama shi. Ka rage masa ado iya ragewa, don duk maɓallin da ka sa masa a riga sai ka biya kuɗinsa a kowace fitowa.

Amma ko zanen ba shi ne farko ba. Murya ce farko, kuma a nan zan daɗe, don nan ne na ga katun ɗin Hausa da yawa ke mutuwa. Akwai injinan da ke karanta rubutun Hausa da murya. Kamfanin Meta ya saki irin wannan a 2023 na harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki, wasu kuma sun biyo baya. Suna iya karanta sanarwa. Ba sa iya tatsuniya. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa inji ke rasa bambancin kukan yaro da kukar miya, kunnen Bahaushe kuwa nan take yake jin an yi tuntuɓe. Sannan Hausar da ya koya ta jarida ce da rediyo. Ka rubuta masa «munka tahi», ya ɗauka kuskure ka yi, ya gyara maka zuwa «muka tafi». In yaran Mabera da Runjin Sambo kake yi wa fim, me zai sa Ƙoƙi ta yi magana kamar mai karanta labarun duniya? Ga kuma tsamin bakin Gizo, wanda rabin dariyar tatsuniya a kansa take. Wannan sai mutum, kuma mutumin da ya ji an yi shi tun yana yaro.

Saboda haka nemi tsohuwa a dangi wadda ta iya bayar da labari, ka roƙe ta, ka ajiye waya kusa da bakinta kamar taƙi guda. Ka tara yara uku ko huɗu su amsa mata «ta zo mu ji ta», bayan ka nemi izinin iyayensu. A ɗakin da ke da katifa da labule da tarin tufafi za ku yi, ba a aji mai siminti da kwano ba, don amsa-kuwwa ta fi ƙarar janareta wuyar cirewa. A kashe fanka, a daure wa zafi na minti goma. Bayan isha, in unguwa ta lafa, ya fi. Kada ka ba ta rubutu ta karanta. Ka bar ta ta faɗa yadda ta saba, sau biyu ko uku, daga baya ka zaɓa. A nan injin zai fara shigowa: manhajojin wanke murya na zamani suna cire ƙugin babur da kukan akuya fiye da yadda muke iya yi da hannu a da. Sai dai ka sa kunne, don akasarinsu da Turanci aka horar da su, in ka ƙure musu ƙarfi sai su tauna ƙ da ɗ da ts, muryar gwaggo ta koma kamar daga cikin tulu. Rabin ƙarfi ya isa. Sauran gyara, yanka da daidaita sauti, manhajar Audacity na yi kyauta.

ChatGPT da 'yan'uwansa fa? Ka tambaye su abin fasaha: yadda ake ɗaura ƙashi a hannun ɗan tsana don ya motsa a manhajar Blender, me ya sa sauti ya saɓa da hoto, yadda za ka jera ɗauka sittin, wato gutsuttsuren fim ɗin, a jadawali. Suna da haƙurin amsa tambaya ɗaya sau goma. Maganar 'yan wasa kuwa kada ka ba su. Hausarsu na warin fassara, kuma ba sa iya barin labari sai sun sa Gizo ya tuba ya nemi gafarar hankaki. Yaushe Gizo ya taɓa tuba?

Da murya ta kammala, sai daftarin fim. Ka tsaga takardu ƙanana, kowace ɗauka da tata, ka yi zanen kara-da-kiyashi, kai da'ira jiki sanda, ka ɗauke su hoto da waya, ka jera a kan muryar a manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko DaVinci Resolve. Fim ne mummuna, amma cikakke, daga «ga ta nan» har «ƙurunƙus». Kai shi aji ka kunna, kada ka kalli allon, fuskokinsu za ka kalla. Inda suka fara tsokanar juna, ka yanke. Inda suka yi dariya, ka ba wurin sarari. Ɗauki wurin da hankaki suka gaji da haɗamar Gizo a kan ɓauren nan na tsakiyar ruwa, kowa ya zare gashin da ya ara masa ya tashi. Daƙiƙa nawa Gizo zai yi yana ci bai lura ba? In ya lura, me zai fara dubawa, kafaɗarsa ko ruwan da ke ƙasa? Ƙarin rabin daƙiƙa a nan shi ne tsakanin yara su fashe da dariya da su yi shiru. Ba umarnin da za ka rubuta wa inji ya auna maka wannan, kuma a takarda gyaransa kyauta ne, bayan an gama fenti kuwa kwana uku ne.

Yanzu maganar yadda Gizo zai tsaya a kamanni ɗaya. Hanyar da na fi amincewa da ita tsohuwa ce: ka zana shi sau ɗaya da kyau, ka yanyanka shi, kai daban, gangar jiki daban, hannuwa da ƙafafu daban, idanu kala uku, baki kala shida zuwa tara, ka haɗa da mahaɗai kamar 'yar tsana. Manhajojin da ake wannan aiki da su, Krita, OpenToonz da Blender, duk kyauta ne, ba na sata ba, kyauta ta halal. Kada kalmar kyauta ta sa ka raina su: da Blender aka yi Flow, fim ɗin Latbiya da ya ci lambar yabo ta Oscar a fannin katun a 2025. Da zarar ka haɗa ɗan tsanarka, maganar ya sake kama ta ƙare, don zane ɗaya ne kake juyawa. Motsin baki, wanda da shi ne ke cin mako, ka ba Rhubarb Lip Sync. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta, tana sauraren muryar ta rubuta wane baki zai fito a wane lokaci. Ka zaɓi tsarinta mai bin sauti zalla, ba mai neman kalmomin Turanci ba, sannan ka bi da hannu ka gyara inda leɓe ya kamata ya rufe, wurin b da m da ɓ, don nan ido ke kama ƙarya.

Akwai wata hanyar, ka koya wa injin Gizonka. Ana tara zanensa ashirin ko talatin ta fuskoki daban-daban a horar da ɗan ƙaramin ƙari da ake kira LoRA, daga nan in ka kira sunansa sai ya fito da kusan kamanninsa. Manhajojin biya kuma yanzu suna karɓar hoton misali su bi. Kusan ɗin nan ita ce matsalar. Babba zai yafe, yaro ba ya yafewa. Shi ne zai ɗaga hannu ya ce Malam, ina hular Gizo ta tafi? Kuma ka lura, ko a wannan hanya sai ka fara zana ashirin ɗin da hannunka.

Inda nake sakar wa inji mara shi ne fage, wato bayan 'yan wasa, amma da sharaɗin kai za ka kawo masa kayan. Ɗauki waya ka fita. Ka bi lungunan tsohon gari wajen Ƙofar Rini da Ƙofar Marke ka ɗauki katangu da ƙofofin zaure, ka sauka Kwalkwalawa ka ɗauki bakin gulbi da fadama da jiragen masunta, ka shiga Kara ranar da ta cika. Ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya a ƙofar gidan mutane, ka kuma kauce wa fuskoki. Waɗannan hotuna su za ka ba injin ka ce ya riƙe tsarin ya sauya salon. Dabarar ControlNet, da ta fito a 2023, aikinta ke nan: tana bin layukan hotonka ko zanenka ta hana injin ƙara abin da ba ka sa ba, kuma akwai ƙarin da ke shigar da ita cikin Krita kai tsaye. Akwai ma'aunin da ke nuna iya nisan da aka yarda ya yi daga hoton asali. In ka ja shi sama, katangar Sakkwato za ta koma ta Maroko. Ka tsaya ƙasa-ƙasa. Sai launi. Injin na son faɗuwar rana ruwan lemo da komai na sheƙi kamar an shafa mai. Haskenmu ba haka yake ba: farin hazo na hunturu da ke cinye inuwa, jar ƙasa, korayen dogon yaro masu ƙura. Zaɓi launi shida ko bakwai tun farko, ka tilasta wa kowane fage ya zauna a cikinsu, in ba haka ba fim ɗinka zai yi kamar mutum goma suka yi shi ba su taɓa haɗuwa ba. Kuma ka rage wa fagen kwalliya har ya yi daidai da sauƙin zanen Gizo. Ɗan tsana mai layi huɗu a gaban fage mai kama da hoton kalanda, ido ba ya yarda suna wuri ɗaya.

Manhajojin bidiyo, su Kling, Runway da Veo, gutsure suke bayarwa, yawanci na daƙiƙa 5 zuwa 10. Sun iya abin da ba shi da ƙashi: ruwa na gudu, hayaƙin murhu, hadari na haɗuwa, guguwa, garken tsuntsaye can nesa. Ka ba su fagenka da ka riga ka gama ka ce ruwan kawai za a motsa, sannan ka ɗora Gizo a kai a wurin haɗawa. Abin da ke da hannu da ma'ana kuwa nan suke kwaɓawa. Ka ce mace na daka, taɓarya ta narke cikin turmi ko ta zama biyu. Ka ce yaro ya gaida babba, ya yi masa ruku'un Japanawa ko ya miƙa hannu tsaye ƙiƙam, ba durƙuso. Ka ce ana cin tuwo, ga hagu a cikin kwano. Raƙumi ma, wanda ke ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare shi ya sa yake rangaji, sai su ba shi tafiyar doki. Irin wannan motsi ka sa ƙanenka ya yi ka ɗauka da waya, ka zana a kai. Ko ka gwada EbSynth: ka yi wa hoto ɗaya na bidiyon fenti da hannunka, ita ta shafa salon a sauran. Yadda dattijo ke naɗe hannun babbar riga ya aza a kafaɗa kafin ya yi magana, ba ka samun sa sai ta haka.

Wani tarko shi ne manhajojin da ke cusa hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi, zane 12 su mai da shi 24 ko 60. A tafiyar gajimare ba laifi. A faɗuwar Gizo kuwa sai su lalata abin, su mai da zabura ta zama lilo. Katun na son tsalle da tsayawa cak.

Kuɗi. Minti biyar daƙiƙa 300 ne. In kowace ɗauka biyar ce, ɗauka 60 ke nan. Ba a cika samun mai kyau a gwajin farko ba, to ko sau biyar ka gwada kowace, ka biya kuɗin gutsure 300, da dala, kuma a tsare-tsare da yawa abin da ba ka kashe ba a wata ba ya tsallakawa wata mai zuwa. Na kyauta kuma sukan manna tambarinsu a hoton, wasu su hana ka kasuwanci da shi. Karanta sharuɗɗan kafin ka ɗora aiki a kai. Shawarata, ka gama komai, ka rubuta ɗauka takwas ko goma da lallai suke bukatar inji, ka biya wata ɗaya tak ka yi su a jere. In kana son injin hoto ya zauna a laftof ɗinka ba intanet, sai tana da katin zane, wato na'urar sarrafa hoto, na Nvidia mai gigabait 8 ko kusa da haka, abin da yawancin laftof ɗin ofis ba su da shi, kuma fayil ɗin injin kaɗai na cin gigabait 2 zuwa 7, sai ka jira datar dare. Madadinsa hayar kwamfuta ta intanet, irin Google Colab. Ka kuma tuna inda muke. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, laftof in ta ji wuta da kanta take rage gudu. Aikin nauyi sai dare, a kan tebur ba katifa ba, a ɗaga bayanta iska ta shiga, bayan hunturu kuma a kai a busa mata ƙura. In za ka fitar da fim daga Blender, ka fitar da shi hoto-hoto a jere, kada ka ce bidiyo guda. In aka ɗauke wuta a hoto na 900, daga na 901 za ka ci gaba.

Akwai abubuwan da a garin nan ba a wasa da su, kuma injin bai sani ba. Kada ka taɓa barin sa ya rubuta komai a allo ko bango ko littafi. Yana zana wasu ƙwarya-ƙwaryan baƙaƙe masu kama da Larabci waɗanda ba su da ma'ana, in suka hau allon almajiri a fim ɗinka, mai kallo zai ɗauka aya aka yi wa wasa, kuma ba wanda zai tsaya jin bayanin cewa kwamfuta ce. Ka bar allon fari, ko ka sa mai rubutu ya rubuta abin da ka sani ka ɗora da hannu. Haka fuskokin magabata. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, duk kafin a fara ɗaukar mutane hoto. Duk fuskar da inji ya ba ka da sunansu ƙage ce, kuma da zarar ta shiga WhatsApp sai ta zama «hoton Shehu» a wayar mutum dubu. Kwaikwayon muryar wani malami ko mawaƙi da inji ba da izininsa ba, wannan ma ka nisance shi. Maganar zanen abu mai rai kuwa, ka san malamai sun yi bayani kuma fahimta ta bambanta, musamman a abin da ya shafi koyar da yara; ka tambayi wanda kake ɗaukar karatu a wurinsa. In zuciyarka ta fi natsuwa da rashin fuska, akwai salon inuwa, baƙaƙen siffofi a gaban haske. Da shi Lotte Reiniger ta yi dogon fim a Jamus a 1926 da almakashi da kwali, kuma ya dace da tatsuniya, abar da dama da dare ake yin ta.

Kiɗa: injinan waƙa ba su san kalangu ko gurmi ba, abin da za su ba ka ko na Legas ne ko na Indiya. Ka nemi makaɗi ka biya shi ya yi maka minti biyu a waya, ku rubuta yarjejeniya ko da layi uku ce. Kada ka ɗebo waƙar tsofaffin makaɗanmu don sun rasu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma magada na nan. Naka haƙƙin ma ka kula da shi. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a Janairun 2025 cewa rubuta umarni kaɗai ba ya sa mutum ya mallaki abin da inji ya fitar, sai abin da hannunsa ya zana ko ya tsara. Tunda manyan dandalin bidiyo a can suke, wannan ya shafe ka. Ajiye takardun zanenka da muryoyin asali da daftarin nan mummuna, su ne shaidarka. A YouTube za a tambaye ka ko don yara aka yi fim ɗin. Ka faɗi gaskiya, ka kuma sani cewa hakan na rufe sharhi ya rage kuɗin talla.

Kafin ka shiga minti biyar, yi daƙiƙa 30 cikakku, wurin zare gashin nan, da murya da fage da kiɗa da komai. A nan za ka gane ko salon da ka zaɓa laftof ɗinka da lokacinka za su iya ɗauka. Ka ninka kwanakin da ya ci sau goma, ka ga ko ka yarda da jimlar. Sannan ka tura wa kanka shi ta WhatsApp ka kalla a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, don a irinta yawancin masu kallonka za su gani. WhatsApp na matse bidiyo, siraran layuka da ƙananan ado su ne farkon ɓacewa, sai ka ƙara wa layin Gizo kauri ka matso da kamara kusa da fuskarsa. In za ka sa rubutu a ƙasa, ka buga shi da kanka, ka zaɓi salon baƙi mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, irin su Noto Sans ko Andika, don da yawa daga cikin na CapCut akwati suke nunawa a wurinsu.